Idan annoba ta ɓarke, wa zai gano mana ko da hannun mutum a ciki?

Ɗan Adar, daga Tawa

Assalamu alaikum. Ina neman masana na wannan zaure su warware mini wata magana da ta daɗe tana yi mini nauyi. Duk wanda ke jihar Tawa a daminar 2016 ya san abin da ya faru a yankunan Cintabaradan da Tasara, lokacin da dabbobi suka riƙa yin ɓari suna mutuwa, makiyaya kuma suka riƙa kwanciya da zazzaɓi mai tsanani, wasu har da zubar jini. Ciwon ya fara bayyana ne a farkon watan Agusta, amma sai a tsakiyar Satumba, bayan an aika jini cibiyar Pasteur ta Dakar, aka tabbatar cewa zazzaɓin kwarin Rift ne, kuma kafin abin ya lafa sama da mutum 30 sun riga mu gidan gaskiya. A cikin waɗancan makwanni na jira babu irin maganar da ba a ji ba a kasuwa, daga masu cewa an zuba guba a rijiyoyi zuwa masu cewa baƙi ne suka shigo da cutar da gangan. Da sakamako ya fito an faɗa mana sunan ciwon, amma sunan ciwo dabam, asalinsa dabam, kuma mai jita-jita bai ga abin da zai sa ya janye maganarsa ba.

Tambayata ita ce: idan irin haka ta sake faruwa, kuma aka sami dalilin zargin cewa wannan karon ba ciwo ne na Allah da Annabi ba, wace hukuma ce ke da alhakin bin sawunsa har inda ya fito? Ma'aikatar kiwon lafiya ce, ko ta kiwo, ko jandarma, ko kuwa sai mun jira OMS, wato Hukumar Lafiya ta Duniya? Sa'annan shin da gaske ne ɗakin awo yana iya bambanta ƙwayar cutar da ta zo da kanta da wadda mutum ya sake? Ina so in ji daga waɗanda suka san aikin, don ina ganin gwamnatin da ba ta iya amsa wannan tambaya da hujja ba, ba za ta iya kashe jita-jita ba.

Ma'aikaciyar awo, daga Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Zan amsa ɓangaren da ya shafi sana'ata, sauran in bar wa masu shi.

A tsarin da ake bi, ƙananan asibitoci na CSI suna aika rahoton cututtukan da doka ta wajabta a sanar da su zuwa gundumar kiwon lafiya kowane mako, gunduma ta miƙa wa jiha, jiha ta miƙa wa sashen sa ido kan annoba na ma'aikatar kiwon lafiya a Yamai. Samfurin jini ko ruwan ƙashin baya kuma ana kai shi CERMES, wadda ita ce cibiyar da ƙasa ke dogara da ita wajen sanƙarau da kwalara da mura, kuma tana cikin jerin cibiyoyin Pasteur na duniya, shi ya sa abin da ya fi ƙarfin kayan aikinta take turawa Dakar. Wannan tsari an gina shi ne don a san mene ne ciwon da wuri a tare shi. Ba a gina shi don neman mai laifi ba, kuma ya kamata mu faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba.

Duk da haka, awo yana iya faɗin abubuwa da yawa game da asali. Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da dogon rubutu na halittarta, kuma duk lokacin da ta hayayyafa akan sami ƴan ƙananan sauye-sauye a cikin rubutun, waɗanda ƴaƴanta ke gada. Idan aka karanta rubutun ƙwayoyi da yawa aka jera su, ana iya ganin wace ce ta fito daga wace, har a ƙiyasta lokacin da suka rabu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne sanƙarau na 2015, shekarar da aka rufe makarantu a Yamai, aka sami mutum sama da 8,500 da ake zaton sun kamu, fiye da 570 kuma suka rasu. Mutane da yawa sun yi mamaki, don tun 2010 an yi gagarumar rigakafi, kuma wasu suka fara cewa sabon ciwo aka ƙirƙiro mana. Gaskiyar ita ce rigakafin 2010 ta nau'in A ce, wanda ya zo a 2015 kuwa nau'in C ne, irin wanda aka fara gani a jihar Sakkwato a 2013. Da masana suka karanta rubutunsa, sai suka tarar jikan wata ƙwaya ce marar illa da ke zaune a maƙogwaron masu lafiya, an ma taɓa samun ƴar uwarta ta kusa a Burkina Faso a 2012, kuma ta zama mai kisa ne bayan ta kwaso wani yanki na halitta daga wata ƙwayar, abin da wannan dangi ya saba yi da kansa. A nan awo ya wanke kowa daga zargi.

Akwai kuma inda ya nuna yatsa. Kwalara ta ɓarke a Haiti a watan Oktoban 2010, ƙasar da ta shafe kusan shekara ɗari ba ta ga cutar ba, mutum wajen 10,000 suka mutu. Masu bin sawun annoba suka bi kogin Artibonite zuwa sama har suka tsaya a sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, inda ƙazantar bayan gida ke malala cikin ruwa. A 2011 aka gwada ƙwayar Haiti da waɗanda aka samo a Nepal, aka tarar kusan babu bambanci. Ba hari ba ne, sakaci ne, amma Majalisar ba ta amsa laifinta ba sai a 2016.

Abin da nake so a lura da shi a misalan nan biyu shi ne, kwatantawa aka yi. Da ba a adana ƙwayar Burkina ba, da ba a sami ta Nepal ba, da rubutun da aka karanta bai faɗi kome ba. Saboda haka abin da ƙasa irin tamu ta fi buƙata, a ganina, shi ne taskar ƙwayoyin cututtukanmu na gida, na mutane da na dabbobi, jiha jiha, shekara shekara, a cikin sanyin da wutar lantarki ba ta yanke masa. Wanda bai san na gida ba ba shi da yadda zai gane baƙo.

Tsohon magatakardan kotu, daga Yamai

Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Na yarda da bayaninki, sai dai ina tsoron kada Malam mai tambaya ya tashi da zaton cewa injin karanta rubutun halitta shi ne alƙali. Awon ƙwayar cuta kamar shaidar da ake yi wa raƙumi da wuta ce: tana faɗa maka garken da ya fito, ba ta faɗa maka wanda ya kwance shi da dare.

Amurka ce ta fi kowa ɗanɗana wannan. A watannin Satumba da Oktoban 2001 an aika wasiƙu ɗauke da garin ƙwayar antaraks, wato ciwon saifa da makiyayanmu suka sani, zuwa ga gidajen jarida da ofisoshin sanatoci biyu, Tom Daschle da Patrick Leahy. Mutum 5 suka mutu, 17 suka kamu suka rayu. Cikin ƴan makwanni aka gane cewa ƙwayar nau'in Ames ce, wadda ɗakunan bincike ke amfani da ita, amma ɗakunan da ke riƙe da ita suna da yawa. Hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta tattara samfur sama da 1,000 tana kwatantawa, aka shafe shekaru kafin a danganta garin da wata kwalba guda da ke cibiyar binciken soja ta Fort Detrick. Kafin a kai nan an ɓata sunan wani masani da bai ji ba bai gani ba, har gwamnati ta biya shi diyyar dala miliyan 5.8 a 2008. Wanda zargi ya koma kansa, Bruce Ivins, ya kashe kansa a wannan shekarar kafin a gurfanar da shi, aka rufe binciken a 2010, sa'annan a 2011 kwamitin majalisar masana kimiyya ta ƙasar ya ce hujjar awo ita kaɗai ba ta isa ta tabbatar da inda garin ya fito ba. Wannan fa ƙasar da ta fi kowa kuɗi da kayan aiki ke nan, kuma har yau babu kotun da ta yanke hukunci a kan maganar.

Darasin da suka ɗauka ya fi labarin kansa amfani a gare mu. Sun gane cewa likita da ɗan sanda suna iya tsayawa a kan gawa ɗaya kowa yana neman abu dabam: likita yana gaggawar awo, ba ya damuwa ko samfurin ya ƙare ko hannu goma ya taɓa shi, ɗan sanda kuwa yana so a rufe shi da hatimi a rubuta sunan duk wanda ya karɓa da ranar da lokacin. Saboda haka a 2004 suka kafa cibiya ta musamman don awon ƙwayoyin cuta a matsayin shaidar kotu, suka kuma tsara yadda FBI da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC za su riƙa binciken haɗin gwiwa, har da yi wa maras lafiya tambayoyi tare. Sun ma taɓa ganin illar rashin haka tun 1984, lokacin da mabiya wata ƙungiyar addini a jihar Oregon suka zuba ƙwayar salmonela a abincin gidajen cin abinci don su hana jama'a fita zaɓen ƙaramar hukuma. Mutum 751 suka kamu, jami'an lafiya suka ɗora laifin a kan rashin tsabtar masu aikin abinci, kuma sai bayan shekara guda, da rikici ya ɓarke a cikin ƙungiyar, aka shiga asibitinsu aka tarar da kwalbar ƙwayar.

Idan na dawo gida, a shari'armu mai shigar da ƙara na gwamnati ne ke da ikon buɗe bincike idan ana zargin laifi, jandarma da ƴan sanda su yi aiki a ƙarƙashinsa. To amma shi ba ya karanta rahoton mako na gundumar kiwon lafiya, likitan gunduma kuma ba a koya masa rubuta takardar kama shaida ba. Kwalbar jinin da ta taso daga Tasara a cikin akwatin sanyi, ta kwana a Tawa, direba ya miƙa wa wani direban, ta iso Yamai ba tare da sa hannun kowa ba, tana iya ceton rayuka, amma ko lauyan da ya fara aiki jiya zai rushe ta a gaban alƙali. Gyaran wannan bai kai kuɗin inji ɗaya ba. Takarda ce ake buƙata tsakanin ma'aikatun lafiya da kiwo da cikin gida da shari'a, wadda za ta faɗi alamomin da idan an gan su dole a sanar da juna, da wanda zai kira wa, da ƙa'idar raba kowane samfur biyu, ɗaya a auna, ɗaya a rufe da hatimi a ajiye.

Likitan dabbobi, daga Abalak

Baba magatakarda, ina da ja a kan abu ɗaya, kuma ina roƙon afuwa. Idan aka sa jandarma a cikin tawagar farko da za ta isa rugar makiyayi, an kashe tsarin tun kafin ya fara aiki. Makiyayin da akuyoyinsa suka yi ɓari yana auna abu biyu kafin ya yi magana: ko za a hana shi kai dabbobi kasuwa, ko za a tsare garkensa a hana shi tafiya. Idan aka ƙara masa da tsoron za a ɗauke shi a mota a yi masa tambayoyi, zai kaɗa garkensa ya nausa gaba, cutar ta bi shi, mu kuma mu ji labari bayan wata biyu a wata gunduma. A 2016 babban abin da ya tayar da hankalin kowa shi ne taron makiyaya na Ingal da ke tafe a watan Satumba, inda garkuna daga ko'ina ke haɗuwa su sake watsuwa. A irin wannan hali labarin da ya zo da wuri ya fi shaidar da ke da hatimi. Saboda haka nake ganin rufe samfur da rubuta sunayen masu karɓa ya zama aikinmu na kullum, mu ma'aikatan kiwo da na lafiya, a kan kowace annoba, ko da zargi ko babu, jami'an tsaro kuma su shigo ne kawai idan alamu sun taru.

Alamun ma, mafi yawansu a wurinmu suke fara bayyana, don yawancin ƙwayoyin da ake tsoron a mayar makami na dabbobi ne tun asali. Ciwon saifa yana da wuraren da ya saba fitowa, don ƙwayarsa tana iya shekaru da dama a cikin ƙasa inda aka taɓa yasar da mushe, kuma yana kama mutum ne galibi ta fata ko ta ciki, bayan an feɗe dabbar da ta mutu an raba nama. Idan aka wayi gari mutanen birni da ba su taɓa dabba ba suna kamuwa da shi ta huhu, lokaci guda, babu garken da ya yi ciwo kafin su, to wannan ba tafiyar da muka sani ba ce. Haka aka yi a garin Sverdlovsk na Tarayyar Sobiyet a watan Afrilun 1979, inda aƙalla mutum 66 suka mutu, hukuma ta ce gurɓataccen nama suka ci. Bayan shugaban Rasha na lokacin, Boris Yeltsin, ya amsa a 1992 cewa da hannun soja a ciki, tawagar wani masanin kimiyya Ba'amurke, Matthew Meselson, ta je ta tambayi iyalai inda kowane mamaci yake a ranar da abin ya faru, ta sa a taswira, sai ga su sun jeru a siririn layi ɗaya daga wata cibiyar soja zuwa inda iska ta nufa a wannan rana. Tumaki da shanu kuma sun mutu a ƙauyukan da ke kan layin nan har nisan kilomita 50. Taswira da rajistar iska da rajistar mutuwar dabbobi ne suka yi wannan aiki. Mu ma muna da LABOCEL a Yamai don awon dabbobi, amma rajistar da ta fi daraja ita ce ta ƙaramin ma'aikacin kiwo na ƙauye, idan yana da babur da man da zai je ya gani da idonsa.

Ɗan Adar, daga Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Duk abin da kuka faɗa yana aiki ne idan mai laifin yana cikin ƙasa. Idan sawun ya tsallaka iyaka, ko ya nuna wata gwamnati, wa za mu kai wa ƙara?

Malamin jami'a, daga Yamai

Malam, a nan ne duniya ta fi rauni. Dokar kiwon lafiya ta ƙasa da ƙasa ta 2005 ta wajabta mana sanar da OMS cikin awa 24 bayan mun tantance cewa lamari na iya shafar wasu ƙasashe, amma OMS ba ta binciken laifi, kuma ba ta shiga ƙasa sai da izinin gwamnatinta. Kowa ya ga yadda aka yi da korona: tawagarta mai binciken asalin cutar ba ta isa birnin Wuhan na ƙasar Sin ba sai a Janairun 2021, fiye da shekara guda bayan ɓullar cutar, kuma har yanzu ana gardama a kan asalinta.

Akwai yarjejeniyar haramta makaman ƙwayoyin cuta, wadda aka buɗe sa hannu a kanta a 1972, ta fara aiki a 1975, Nijar kuma tana cikinta. Matsalarta ita ce ba ta da masu bincike. An shafe shekaru ana tattauna yadda za a riƙa duba ɗakunan ƙasashe, Amurka ta yi watsi da daftarin a 2001, maganar ta mutu. Yarjejeniyar makamai masu guba tana da babbar hukuma a birnin Hague da ɗaruruwan ma'aikata, wannan kuwa ɗan ƙaramin ofishi gare ta a Janeba mai ma'aikata ƴan ƙalilan. Ƙasar da ke da ƙorafi tana iya neman a zauna a tattauna, kamar yadda Kuba ta yi a 1997 da ta zargi wani jirgin Amurka da watsa mata ƙwaro mai cin amfanin gona, aka zauna a Janeba aka tashi ba tare da an iya yanke kome ba, saboda lokaci ya riga ya wuce. Ko kuma ta kai ƙara kwamitin tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙasashe biyar ke da ikon hawa kujerar na ƙi. Hanya ta uku ita ce ikon da aka bai wa babban magatakardan Majalisar tun 1987 na tura ƙwararru idan wata ƙasa ta kawo rahoton an yi amfani da irin waɗannan makamai. Da shi aka yi aiki a Siriya a 2013, amma kan makami mai guba, kuma aikin tawagar shi ne ta tabbatar ko an yi amfani da shi, ba ta faɗi wanda ya yi ba.

Duk hanyar da muka bi a cikin ukun nan, tawagar waje za ta iso ne bayan an binne matattu an ƙone mushe, kuma abin da za ta fara nema shi ne samfurin da aka ɗauka a makon farko da takardar da ke biye da shi. Shi ya sa nake goyon bayan likitan dabbobi a kan wanda zai ɗauka, ina goyon bayan Baba magatakarda a kan hatimi. Zan ƙara da cewa tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta CEDEAO a Janairun 2025, ya kamata a zauna a rubuta a fili yadda musayar samfur da labarin annoba za ta ci gaba tsakaninmu da maƙwabtan da ba mu cikin ƙungiya ɗaya da su yanzu, musamman Najeriya. Murar tsuntsaye ta bayyana a Magarya a watan Fabrairun 2006, ƴan makwanni bayan an gan ta a jihar Kaduna, sanƙarau nau'in C ma ta Sakkwato ya biyo. Yawancin ƙwayoyin da za mu so mu kwatanta namu da su suna cikin firjin ɗakunan awo na Abuja da Dakar da Wagadugu, kuma takardar da za ta ba mu damar neman su sai an sa mata hannu tun babu wanda ake zargi.